Ayarin bayi ta Sahara da tekun gabas: me ya sa ba a koya mana wannan tarihin?

Abban Khadija:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Duk wanda ya yi makarantar boko a cikinmu an karantar da shi yadda Turawa suka riƙa loda bayi a Badagry da Elmina ana kai su Amurka. Amma bayin da aka kora da ƙafa ta cikin Sahara zuwa Tarabulus da Masar da Maroko, da waɗanda aka ɗiba a jiragen ruwa daga Zanzibar zuwa Oman, ba wanda ya taɓa zaunar da mu ya ba mu labarinsu. Alhali wannan hanyar ta ƙofar gidanmu ta bi. In ka ɗauko maganar a majalisa sai a ce kana zagin Larabawa, wani ma ya ce kana taɓa addini. Ina roƙon masu ilimi a zauren nan su fayyace mana: yaushe abin ya fara, su wa aka kwasa, kuma su wa suka sayar?

Malam Bakatsine:
Wa alaikumus salam. Tambayarka tana kan hanya, Abban Khadija, kuma ba a littattafan Turawa kaɗai amsarta take ba. Larabawan da kansu sun rubuta.

Bauta ta riga Musulunci, Rumawa da Farisawa da Larabawan jahiliyya duk sun yi. Amma in ana son inda cinikin ya samu tsari tsakanin daular Musulmi da ƙasar baƙar fata, sai a duba shekarar 652, lokacin da Abdullahi bn Sa'ad bn Abi Sarh, gwamnan Masar, ya kasa cin Dongola da yaƙi, ya ƙulla sulhu da Nubiyawa. A yarjejeniyar da ake kira Baƙt, Nubiyawa za su riƙa kai bayi 360 duk shekara, a ba su hatsi da tufafi. Wannan sulhun ya yi kusan shekara 600 ana aiki da shi.

A ƙarni na 9 masanin tarihi Al-Ya'aƙubi ya ambaci garin Zawila da ke Fezzan, kudancin Libiya ta yau, a matsayin kasuwar da ake fitar da bayin ƙasashen Sudan, har ya ce sarakunan baƙar fata ne ke sayar da su ba tare da wani dalili ba. A wannan ƙarnin ne kuma bayin da aka tara a fadamun Basra suna kankare gishiri daga gonakin attajirai suka yi tawaye. Shi ne tawayen Zanj, daga 869 zuwa 883, a ƙarƙashin Ali bn Muhammad. Sun ci Basra a 871, sun gina nasu birnin, sai da Al-Muwaffaƙ, ɗan'uwan halifa, ya shafe shekaru kafin ya murƙushe su. Mutanen da ake kyautata wa ba sa yin yaƙin shekara 14.

Ibn Battuta kuma, da zai koma gida a 1353 daga Takedda, can wajen Azbin, ya rubuta cewa ayarin da ya bi yana ɗauke da bayi mata kusan 600. Ayari ɗaya ke nan, a shekara ɗaya.

Ɗalibin Azhar:
Allah ya gafarta Malam, ban musa abin da ka kawo ba, amma ina da tsoro game da yadda ake tallata wannan batu yanzu. Waɗanda suka fi ɗaga shi a intanet ba tausayin bayin ne ya dame su ba. So suke su ce wa baƙar fata Musulunci ne maƙiyinka, kuma su wanke Turawa daga abin da suka yi. Tun a ƙarni na 19 da wannan hujjar aka shigo mana. Sarki Leopold na Beljiyam da sunan yaƙi da fataken bayi Larabawa ya kama Kwango, sannan kowa ya san hannayen da aka yanke a can saboda roba.

Na biyu, bauta a ƙasashen Musulmi ba ta launin fata ba ce. An bautar da Turkawa da Sarkasawan yankin Kaukasus da mutanen gabashin Turai. Mamalik da suka mulki Masar daga 1250 zuwa 1517 bayi ne aka sayo. Abul Misk Kafur baƙar fata ne, bawa, ya mulki Masar. Malik Ambar daga Habasha aka sayo shi, ya zama mai faɗa a ji a Deccan ta Indiya har ya rasu a 1626. Ku nuna mini bawa ɗaya da ya zama gwamna a Amurka zamanin bauta. Ga kaffara da 'yanta wuya, ga mukataba, wato bawa ya fanshi kansa da kuɗi, a Suratun Nur, ga hadisin da ya ce ku ciyar da su abin da kuke ci, ku tufatar da su abin da kuke sawa.

Maman Walid:
Ƙanina Ɗalibi, ka lissafa mana waɗanda suka zama sarakuna, ka ga yatsun hannu sun ishe ka. Ni matan nan 600 na Ibn Battuta nake tunani. Kowace ɗaya tana da uwa da ta wayi gari ba ta gan ta ba. Ta tafi rafi ɗebo ruwa ko tana tsinkar kuɓewa a gona mahaya suka sure ta. Cewa jikanta zai iya zama ɗan sarki a Fas bai share wa uwar nan hawaye ba. Kuma ko Kafur ɗin da kake faɗa, ai dandaƙe shi aka yi yana yaro kafin ya kai inda ya kai, sannan Mutanabbi ya zage shi da baƙinsa da bautarsa a waƙoƙin da har yau ake haddace su a makarantu.

Mata sun fi maza yawa a cinikin Sahara, saboda kuyangi da ƙwaraƙwarai ake nema. Don haka in ana wannan magana, tarihin mata ake yi, ko da ba a ambaci sunan ko ɗaya ba.

Ɗan Damagaram:
Hajiya ta faɗi gaskiya. Bari in ƙara da hanyar, tunda ta ƙasarmu ta ratsa. Akwai wadda ta tashi daga Kukawa ta bi Bilma da Kawar zuwa Murzuk, ta sauka Tarabulus. Akwai ta Kano da Zinder da Agadas zuwa Ghat da Ghadamis. Tafiyar wata biyu zuwa uku ce, fatake a kan raƙuma, bayi a ƙasa, maza a ɗaure. Turawan Birtaniya Denham da Clapperton da suka biyo hanyar Murzuk zuwa Borno a 1822 sun rubuta cewa a bakin rijiyoyi ƙasusuwan mutane suka riƙa tararwa birjik, na waɗanda suka iso da sauran numfashi suka cika a wurin.

Akwai ma waɗanda muka san sunansu. Dorugu yaro ne Bahaushe daga ƙasar Damagaram, aka kama shi aka raba shi da iyayensa, aka sayar a Borno. Wani Bajamushe abokin tafiyar Barth, Baturen da ya zagaya ƙasashenmu yana rubuta abin da ya gani, ya 'yanta shi, ya je har Ingila, ya ba da labarin rayuwarsa da Hausa aka rubuta. Sai Muhammad Ali Sa'id, ɗan wani babban jarumin Borno, wanda Buzaye suka kama yana yaro. An ƙetara da shi Sahara zuwa Tarabulus, daga nan Istanbul, daga nan Rasha, a ƙarshe ya shiga sojan Amurka a yaƙin basasarsu da sunan Nicholas Said. Shi ɗan Musulmi ne, ɗan gidan sarauta, bai hana a sa masa kuɗi ba.

Abban Khadija:
To wannan ne ya kawo mu tambayata ta uku. Balarabe dai bai san hanyar ƙauyen su Dorugu ba. Wa ya kai shi kasuwa?

Malam Bakatsine:
Mu ne. Ba wata kwana a nan. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Attajiran Ghadamis suna zaune a Kano cikin gidajensu, ba su ke fita hari ba. Sarakuna da mayaƙansu ke kamowa, dillalai su tsaya a kasuwa, Buzaye da Tubawa su yi rakiyar ayari. Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, ya rubuta a ƙarni na 16 cewa Sarkin Borno na sayen doki ɗaya da bayi 15 zuwa 20, kuma fataken sai su zauna jira har sarki ya dawo daga yaƙi ya biya su. Ka ga yadda abin ke juyawa: a ba da bayi a karɓi dawaki, a hau dawakin a kamo wasu bayin.

Barth ya shiga Kano a 1851, ya ƙiyasta bayin da ake fitarwa daga garin duk shekara da kusan 5,000. A ƙarshen wannan shekarar ya bi rundunar Borno zuwa ƙasar Musgu, ya ga da idonsa yadda aka kwashi mata da yara, manyan maza kuma aka kashe su saboda ba su da kasuwa. Kuma waɗanda aka fitar waje ba su kai waɗanda aka riƙe a gida ba. Rumadan da ke kewaye da Kano da Zariya da Sakkwato da bayi aka noma su.

Ɗalibin Azhar:
To ka ga ke nan sunan da ake ba abin, cinikin bayi na Larabawa, zalunci ne. Da Barebari da Buzaye da Turkawa da Waswahili da mu kanmu duk muna ciki.

Ɗan Mai Wurno:
Ɗan'uwa, sunan bai cika ba, na yarda, amma kada mu fake da wannan. Ba don akwai mai saye a Alƙahira da Makka da Istanbul ba, da ba a kai kowa Murzuk ba. Mu a nan Sudan tabon bai warke ba. Muhammad Ali Pasha ya aiko ɗansa Isma'il a 1820, kuma abin da yake nema a fili yake: zinariya da maza baƙaƙe da zai mayar soja. An kwashe su zuwa Aswan, da yawa suka mutu da ciwo kafin su riƙe bindiga. Bayan nan fataken Khartum suka kafa sansanoninsu a Bahar al-Ghazal, babbansu Zubair Rahma, wanda ya yi ƙarfin da har ya ci Darfur a 1874. Rabeh da ya ƙone Kukawa a 1893 ya zauna a Dikwa, yaron Zubair ne. Daga makarantarsa ya fito. Sai a 1900 Faransawa suka kashe shi a Kusiri. Tun kafin su kuma akwai Darbul Arba'in, hanyar kwana arba'in daga Darfur zuwa Asyut.

Wanda yake son ya fahimci dalilin da Sudan ta Kudu ta ɓalle a 2011, ba zai fahimta ba in ya tsallake wannan. Dinka da Nuba ba su manta ba.

Malam Bakatsine:
Akwai abin da nake so Ɗalibi da duk mai jin tsoron a taɓa addini ya sani, domin shi ne ya fi ba ni ƙarfin gwiwar yin wannan magana a fili. Ba mu ne farkon waɗanda suka yi kuka ba.

Wajen 1391 Mai Usman bn Idris na Borno ya aika wa Sultan Barƙuƙ na Masar wasiƙa, yana ƙarar Larabawan Juzam cewa suna kama mutanensa 'ya'ya, Musulmi, har da danginsa, suna sayar wa fataken Masar da Sham. Ya roƙi a bincika a sako su. Marubucin Masar Al-Ƙalƙashandi ya kwafe wasiƙar a littafinsa Subhul A'asha, tana nan.

A farkon ƙarni na 17 mutanen Tuwat, a Saharar Aljeriya ta yau, suka aika wa Shehu Ahmad Baba na Timbuktu tambaya game da halaccin sayen bayin da ake kawowa daga kudu. Shi kansa ya ɗanɗani ɗauri, domin bayan Maroko ta ci Songhai a 1591 an tafi da shi Marrakesh a ɗaure, aka wawashe littattafansa. Amsar da ya bayar a 1615 ita ce littafin Mi'irajus Su'ud. Ya ce baƙar fata ba dalilin bauta ba ne, ya yi watsi da tatsuniyar cewa la'anar Hamu ɗan Annabi Nuhu ce ta mayar da baƙaƙe bayi, ya ambaci Kano da Katsina da Borno da Songhai ya ce mutanensu Musulmi ne, mallakarsu haramun ce. Ku tsaya ku yi tunani: da ba a sayar da Kanawa da Katsinawa a kasuwannin arewa, me zai sa a yi tambayar?

Da Maulaya Isma'il na Maroko ya tattara baƙaƙen ƙasarsa, har da 'yantattu, ya mayar da su rundunar Abidul Bukhari, malaman Fas sun ƙi sa hannu. Abdussalam Jasus ya tsaya a kan bakansa har aka kashe shi a 1709. A ƙarni na 19 An-Nasiri, mai tarihin Maroko, ya rubuta kakkausan suka a kan yadda ake sayar da baƙaƙe kamar dabbobi alhali Musulmi ne. Shehu Usmanu ma cikin abin da ya tuhumi sarakunan Hausa da shi har da bautar da Musulmi. Kuma duk sun san hadisin Bukhari, inda Allah ya ce mutum uku shi ne abokin husumarsu ranar ƙiyama, cikinsu har da wanda ya sayar da ɗa ya ci kuɗinsa.

Ɗalibin Azhar:
Alhamdu lillahi. To ai maganata ke nan, Malam. Shari'a daban, aikin mutane daban.

Ɗan Dutse:
Ina karanta ku tun ɗazu, bari in sa baki da girmamawa. Ni Kirista ne daga kudancin Kaduna, Hausa kuma da ita na tashi. Malam, fatawar Ahmad Baba ta kare Bakano da Bakatsine, amma ba ta kare kakana ba. A cikin wannan amsar ai ya lissafa ƙabilun da ya ce su halal ne a kama. Kakanninmu ba don sha'awa suka hau duwatsu suka yi gidaje a inda ko jaki ba ya hawa ba. Mahayan Zazzau suke gudu. Tsofaffinmu har suka mutu suna nuna mana kogunan dutsen da ake ɓoye yara. Hamman Yaji na Madagali ya bar littafin da yake rubuta hare-harensa da yawan bayin da ya kamo, kuma daga 1912 ya fara, ba zamanin Ibn Battuta ba.

Ban faɗi wannan don in ɗora wa wani a zauren nan laifin kakansa ba. Amma in za a ce laifin kawai shi ne an kama Musulmi, to mu an sake barin mu a waje.

Maman Walid:
Yaya Ɗan Dutse, wallahi maganarka ta shige ni. Uwar Bagwariya da uwar Bakatsina zafin rabuwa da ɗa iri ɗaya suke ji.

Malam Bakatsine:
Haka ne, kuma ba zan yi maka kwaskwarima ba. Malaman wancan zamani iyaka suka sa wa bauta, ba su rushe ta ba, kuma iyakar ta addini ce. Ko a cikin wannan iyakar ma, sharuɗɗan da fiƙihu ya gindaya na kira da sulhu da amana, yawancin masu kai hari ba su bi ba. Ƙauyukan da ke biyan jizya ma an afka musu in baitulmali ya bushe. Abin da malaman duniyar Musulmi suka tsaya a kai yau shi ne ƙofar ta rufe ga kowa, Musulmi da wanda ba Musulmi ba. Shi ya sa da Boko Haram da Da'ish suka ce za su dawo da ita malamai suka yi musu ca.

Abban Khadija:
Ɓangaren Zanzibar fa? Kuma gaba ɗaya mutum nawa ake magana?

Ɗan Mai Wurno:
Can abin ya fi ƙamari ne a ƙarni na 19, bayan Sayyid Sa'id na Oman ya mayar da fadarsa Zanzibar wajen 1840, aka buɗe gonakin kanumfari a can da Pemba. Ayari na tashi daga Bagamoyo ya bi Tabora zuwa Ujiji a bakin tafkin Tanganyika, ya dawo da hauren giwa da mutane. Cikin fataken, Tippu Tip, wanda ya rasu a 1905, shi ya fi shahara, kuma shi ma jininsa gauraye ne da na Afirka. An rufe kasuwar bayi ta Zanzibar a 1873 zamanin Sultan Barghash bisa matsin Ingila, aka gina coci a wurin.

Adadi kuwa ƙiyasi ne, domin ayari ba ya ajiye rajista irin ta jiragen Turawa. Masana sun sa shi tsakanin miliyan 10 zuwa 17, idan aka haɗa Sahara da Bahar Maliya da tekun Indiya, a cikin shekara kusan 1,200. Na tekun Atlantika kusan miliyan 12 da rabi ne a cikin shekara 350 ko sama da haka. Wancan ya fi tsawo, wannan ya fi sauri.

Ɗalibin Azhar:
A nan nake so a yi adalci. Ana yawo da maganar cewa duk mazan da aka kai ƙasashen Larabawa an dandaƙe su, shi ya sa ba su bar zuriya ba. Wannan ƙari ne. An yi dandaƙa, a Bagirmi da kuma kusa da Asyut, yara da yawa sun mutu a wajen yinta, kuma daga cikin waɗanda suka rayu ne aka samu babannin fadar Istanbul da masu hidimar masallatan Makka da Madina. Amma su kaɗan ne cikin jimla. Zuriya kuwa tana nan: baƙaƙen Basra, Siddi a Indiya da Pakistan, Haratin a Muritaniya da Maroko. Saura kuma sun narke, tunda ɗan ƙwarƙwara ɗa ne, sunan ubansa yake ɗauka.

Ɗan Damagaram:
Har da namu a cikinsu. Kiɗan Stambali na Tunisiya bori ne ya ƙetara hamada, har yau akwai kalmomin Hausa da na Barebari a waƙoƙinsu. Wani Bature mai suna Tremearne ya tarar da unguwannin Hausawa a Tunis da Tarabulus kafin yaƙin duniya na farko, suna yin borinsu.

Amma ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kusancin abin. Tunisiya ta soke bauta a 1846, Daular Usmaniyya ta hana cinikin baƙaƙe a 1857 amma ta ware Hijaz. A Arewacin Najeriya sai 1936 aka soke ta gaba ɗaya. Saudiyya 1962, Oman 1970, Muritaniya 1981, kuma ba ta mayar da ita laifin da ake hukuntawa ba sai 2007. A 2017 duniya ta ga bidiyon da ake gwanjon 'yan ci-rani a Libiya a kan dala 400, kuma ta Agadas suka bi, hanyar kakanni.

Maman Walid:
Ba sai mun je Libiya ba. Har gobe in an zo neman aure a wasu gidajen sai an aika a binciko asali, a ji ko akwai bauta a dangin yaro. Na san auren da aka fasa saboda an ce kakar kakarsa baiwa ce, yaro mahaddacin Alƙur'ani.

Ɗan Damagaram:
A Nijar ma sai 2003 aka sa bauta cikin dokar laifuka, bayan gwagwarmayar Timidria, ƙungiyar yaƙi da bauta. Hadijatou Mani tana da shekara 12 aka sayar da ita a 1996 a kan sefa 240,000, ta zama wahaya, wato baiwar da ake riƙewa kamar mata ta biyar, a gidan wani dattijo a yankin Konni. Da ta samu takardar 'yanci ta auri wanda take so, sai aka ɗaure ta da laifin aure kan aure. Kotun ECOWAS ce a 2008 ta ce gwamnatin Nijar ta gaza kare ta, ta umarci a biya ta sefa miliyan 10. Bahaushe ne ya saye ta.